Zanen gidan Bagatelle: in saya ko in haƙura?

Ɗalibar Zanen Gini: Salamu alaikum 'yan zaure. Wani dillali a intanet ya tallata min tsohon zanen gidan Bagatelle na birnin Paris, har da taswirar lambunsa, wai tun ƙarni na 18 ne. Sai dai na gwada shi da hotunan gidan na yau, sam ba su yi daidai ba. Damfara ce ko?

Baba Injiniya: Wa'alaikumus salam 'yata. Kada wannan ya tsorata ki. François-Joseph Bélanger ne ya zana gidan a 1777, bayan ƙanin Sarki Louis na 16 ya yi fare da Sarauniya Marie Antoinette cewa zai gina shi cikin ƙanƙanin lokaci. Kwana 64 aka gama. Amma Turawan Ingila da suka mallake shi a ƙarni na 19 sun sake masa fasali, musamman daga sama, kafin hukumar birnin ta saye shi a 1905. Da zanen ya yi daidai da hoton yau, da a nan ne ma zan yi shakka.

Mai Firam: Baba ya gama magana ta fannin tarihi. Ni takardar nake ji. Ƙanwata, ki ce ya ɗaga ta a hasken taga ya ɗauko miki hoto. Takardar wancan zamani da hannu ake yin ta, za ki ga siraran layuka jere a jikinta, wani lokaci har da tambarin masu yin ta. Sannan in bugun farantin tagulla ne, wato an sassaƙa zanen a jikin faranti aka danna shi a kan takarda, akwai ɗan lotsawa mai kusurwa huɗu da ta kewaye zanen, yatsa na jin ta. Na taɓa yi wa wani alhaji firam, ya kashe kuɗi masu kauri, ina ɗora madubin ƙara girma sai ga ɗigo-ɗigon injin buga takarda na zamani. Ban san ta inda zan fara faɗa masa ba.

Ɗalibar Zanen Gini: Yaya, a ƙasan zanen akwai ma'auni an rubuta "toises". Wannan ba shaida ba ce?

Baba Injiniya: Tsohon ma'aunin Faransa ne kafin mita, ɗaya ya kai kusan mita 1.95, wato ƙafa shida irin tasu. Amma ai hoton da aka buga jiya ma da shi zai fito. Tambayi dillalin dai: zanen hannu ne da tawada da launin ruwa, ko bugu ne da aka yago daga littafi? Kuɗinsu ba ɗaya ba ne, ko kusa.

Anti Mai Fulawa: Ni lambun ne ya janyo ni. Thomas Blaikie, mutumin Sikotilan, shi ya shimfiɗa shi: hanyoyi a karkace, tafkuna, duwatsun da aka jera kamar Allah ne ya ajiye su. In kin ga hanyoyi miƙe sambal irin na fadar sarakunan Faransa ta Versailles kaɗai, to ki sake dubawa.

Magini: Ku gafarce ni manya. In don karatu ne, me ya kai ta saye? Ɗakin karatu na ƙasar Faransa yana da shafin Gallica, kyauta ake sauke tsofaffin zane-zane. Ki nemo na Petit Trianon ma, wani ɗan gidan sarauta a harabar fadar Versailles, wanda Ange-Jacques Gabriel ya gina tsakanin 1762 da 1768. Fuska huɗu, kowacce da nata tsarin, ginshiƙai tsayayyu ta wajen lambu kawai. Na fi koyon daidaito a wannan ɗan gidan fiye da duk fadar.

Mai Firam: In kuma kin dage kin saya, kada takardar ta taɓa gilashi, kada a sa mata gam ko salatif. Ki rataye nesa da rana da bangon da ke jiƙa da damina. Gara ba ruwanta da sarautar Faransa.

Ɗalibar Zanen Gini: Na gode ƙwarai. Na tura masa saƙo ya ɗauko hoton a hasken taga. Ya karanta tun azahar, har yanzu shiru.