Malamai da ɗalibai, ya kuke gane asamen ɗin da AI, wato ƙirƙirarriyar basirar na'ura, ya rubuta?

Malamin tarihi:
Salam jama'a. Wallahi wannan simesta na sha wuya. Na ba 'yan aji biyu asamen kan jihadin Shehu Ɗanfodiyo, sai ga rubutu mai santsi kamar an bi shi da dutsen guga, ba kuskure ko ɗaya, amma da na bi littattafan da suka ce sun duba sai na tarar uku babu su a duniya, marubutan na gaskiya ne amma ba su taɓa rubuta littattafan ba. Tun da ChatGPT, manhajar AI mai yi wa mutum rubutu, ya fito ƙarshen 2022 abin sai gaba yake. Ku ya kuke yi?

Malamar Turanci:
Malam ni kam na daina yarda da manhajojin nan masu duba rubutu su ce kashi kaza AI ne. Su kansu OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT, sun fitar da tasu a Janairun 2023, ba a kai ƙarshen Yuli ba suka janye ta don ba ta gane daidai. In mai ɗa ya kasa shaida ɗansa, wa zai shaida shi? Kuma yaran sun waye, su bi ta QuillBot a jujjuya musu kalmomin shi ke nan.

Ɗalibin ajin ƙarshe:
Hajiya Allah ya saka da alheri da kika faɗi haka. Ni dare uku na yi ina rubuta babi na biyu na furojet ɗina, wuta ma babu sai fitilar waya, sufabaiza ya zuba a manhaja ta ce yawanci na'ura ce ta rubuta, ya ce in sake tun daga farko. Abin da ya cece ni a Google Docs na yi aikin, na buɗe masa tarihin gyare-gyaren ya ga yadda nake rubutawa ina gogewa har ƙarfe biyun dare, sannan ya yi shiru.

Malamar Turanci:
Ai ba kai kaɗai ba ɗana. Masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada a 2023, fiye da rabin rubutun jarrabawar TOEFL (ta gwada iya Turanci) na waɗanda Turanci ba harshensu ba ne manhajojin suka ce na AI ne. Ko a 2024 da Paul Graham, wani mai zuba jari a harkar fasaha, ya ce kalmar Turanci ta delve alamar rubutun ChatGPT ce, 'yan Najeriya ca suka yi masa a X, mu tun sakandare muke rubuta ta.

Malamin kimiyyar siyasa:
Ni nawa mai sauƙi ne ranka ya daɗe. In na yi shakka in kira yaro ofis, in rufe takardar, in ce faɗa min da Hausa me ka rubuta a shafi na uku. Wanda ya yi da kansa ko yana in'ina zai kawo. Makon jiya wani ya ce min a ba shi minti biyu ya duba wayarsa.

Malamin tarihi:
Hhhh to amma Dakta, ɗalibai ɗari uku nake da su a wannan kwas, ofis ɗin kuma mu uku ne a ciki.