Kunne Kafin Baki: Musayar Baitoci daga Damagaram

Ɗan Birni:
Salamu alaikum. Ga nawa kan ladabi da saurare, mai amsawa ya riƙe ƙafiyar.

Ku zo mu je fadar Damagaram da hantsi,
Dogarai na tsaye cikin ja da kore.
Mai ƙara kan tuɓe takalminsa a waje,
Ya durƙusa tun bai wuce bakin zaure.
Ba ya tsinke zancen abokin shari'arsa,
Sai an ce masa "to, naka, ya ƙare".
Garin Sarki Tanimun mai ganuwa ke nan,
Shari'a ba ta tafiya sai da saurare.

'Yar Zango:
Kawu, na gaishe ka, gwiwata a ƙasa,
Amma akwai abin da ke raina a ɗaure.
Yarinya ta ce ba ta son wanda aka zaɓa,
Aka ce "rufe mana baki", zancenta aka ture.
Ladabin da ya hana ƙarami buɗe baki,
Tsoro ne, Kawu, aka ce mana mu daure.

Majemi:
'Yar nan ta taɓo inda ke mini ƙaiƙayi.

A majema na tashi gaban maigidana,
Hannu cikin ruwan bagaruwa har dare.
In ya ce fatar nan ba ta jiƙu ba, bar ta,
Yaron da ya yi gardama tasa kan yage a zare.
Amma ran da na nuna masa ramin da ke yoyo,
Ya tsaya ya ji ni, muka toshe shi tare.
Kuma Annabi ya ce a nemi izinin budurwa,
Wa ya ba uba damar hadisin nan ya share?

Mai Shayin Kasuwar Dole:
Ni kukana samarin fadarmu ta shan shayi ne,
Ana zuba na biyu, ido na kan waya a kafe, a tsare.
Tsoho ya yi sallama har sau uku,
Ba wanda ya matsa masa a benci, ya juya ya tsere.

Ɗan Birni:
'Yata, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne,
Babba ma ya sunkuya, girmansa bai zare.
Gaya mini, yarinyar nan tana da gwaggo?
In akwai, gobe bayan la'asar mu je mu gan ta tare.