Ƙarfen gwajina yana ƙara nauyi maimakon ya ragu, ina mafita?

Salam 'yan uwa injiniyoyi, don Allah ku taimaka min, kaina ya kulle. Ina mastas ne a makanikal, ina gwada man darbejiya da man juye SAE 20W-50 in ga wanne ya fi hana ƙarfe cinyewa. Injin nan nake amfani da shi da ɗan sandan ƙarfe ke gogar faifai mai juyawa, bisa ƙa'idar gwajin cinyewa ta ASTM G99, lodi (ƙarfin danna sandan a kan faifan) newton 20, tafiyar mita 1000.

To matsalar, bayan an gama in na ɗora sandan a sikeli don ganin nauyin da ya cinye, wani lokacin sai in ga nauyinsa ya ƙaru, alhali ga zanen cinyewa ɓaro-ɓaro a kan faifan. Na wanke sandan da sinadarin asiton, na busar, duk a banza, kuma sikelin namu ba ya iya auna abin da bai kai gram 0.001 ba, ga wuta da ake ɗaukewa ana tsakar aiki sai na sake daga farko.

Ɓurɓushin faifan ne ke mannewa a bakin sandan? In koma auna faɗin zanen da maikuroskof, ko in ƙara lodi? Malamina yana jiran babi na 4 na kundin bincikena ƙarshen watan nan wallahi.