Furen firisiya: wa ya taɓa shuka shi a gida ya yi?

Uwargida, Jos: Assalamu alaikum jama'a. Ƙanwata ta kawo mini albasar furen firisiya (wato gindinsa mai kama da albasa, wanda ake shukawa) guda 20 daga Holan. Bara na shuka goma a watan Yuni, damina ta ruɓar da su duka, da na tono sai laushi kamar dafaffen gwaza. Wallahi abin ya dame ni, don ƙamshinsa ne ya sa na nace. Sauran goman suna ajiye. Wanda ya taɓa gwadawa ya taimaka mini.

Ɗan ci-rani, Cape Town: Wa alaikumus salam Hajiya. Lokacin ne kika kuskure. Asalin furen nan daga nan kudancin Afirka yake, yawancinsa yankin Cape, inda ruwa ke sauka lokacin sanyi, bazara kuma ta zo da zafi da bushewa. To haka jikinsa ya saba: ya yi girma cikin sanyi, ya kwanta barci cikin zafi. Mu nan Afrilu ko Mayu muke binnewa, lokacin da sanyinmu ke shigowa, Agusta zuwa Satumba sai fure. Idan zafi ya haura digiri 20 yana tsiro, ganye zai ba ki da yawa, fure kaɗan. Wajen digiri 12 zuwa 15 yake so kafin ya ɗauki fure.

Mai lambu, Bukuru: Hajiya, ai ku da mu Allah Ya yi mana gata, tudun nan ya kai mita 1,200, kuma daren Disamba da Janairu kin san yadda yake. Ni ƙarshen Oktoba nake shukawa, bayan ruwa ya ɗauke. A kasko nake sawa mai huji a gindi, na haɗa ƙasa da yashin rafi rabi da rabi, da ɗan kashin shanu wanda ya daɗe ya zama baƙi. Zurfin santimita 5, tsinin ya kalli sama, tsakaninsu yatsa uku. Ruwa sau ɗaya ranar shuka, sannan ba na ƙarawa sai na ga tsiro. Bayan haka ma sai na tura yatsa na ji ƙasar ta sha iska.

Rana ta safe nake bari ta same su, da azahar na ja kaskon inuwar katanga. Kwana ɗari da 'yan kai suke yi, cikin Fabrairu nake ganin fure. Sandar takan lanƙwasa can sama ta kwanta, furannin su jeru a kanta suna kallon sama, na gindi ne ke fara buɗewa. Da asuba in na fito alwala ƙamshin ke fara tarbata. Amma ki kafa masa ƙananan sanduna tun yana ƙarami, ki zagaye da zare. Shekarar farko ban yi ba, iskar hunturu ta kwantar mini da rabi.

Malama, Kano: Ni dai na gwada sau biyu cikin hunturu. Dare yana yin sanyi amma rana ta yi masa yawa. Ganye shar, fure sanda biyu kacal cikin goma sha biyu. Duk da haka ban yi nadama ba.

Antin yara, Manchester: Hajiya, duba abu ɗaya kafin ki binne sauran. Albasar sai ta sha zafi na kusan wata uku, wajen digiri 30, kafin ta farka. Waɗanda ake sayar mana a nan Ingila an riga an yi musu haka, shi ya sa muke shukawa a Afrilu mu samu fure lokacin zafi. Na taɓa tono nawa na ajiye a gareji mai sanyi, shekara ta zagayo ko ɗaya bai tsiro ba. Ki matsa su da yatsa, mai tauri ki ajiye, mai laushi ko baƙin tabo ki zubar da shi nesa. Kuma bakin ganyena ya riƙa ƙonewa, ashe furen ba ya son sinadarin fuloraid, wanda ake samu a wani ruwan famfo da takin sufa. Na koma ruwan sama, abin ya ragu.

Mai lambu, Bukuru: Gaskiyar Anti. Shi ya sa in fure ya ƙare ba na yanke ganyen, shi ke ciyar da albasar baɗi. Sai ya yi rawaya da kansa na daina ba da ruwa, na tono, na ware ƙananan 'ya'yan da ke manne a gindi, na zuba a kwando a ɗakin da kwano ke ɗaukar zafi. Ƙananan sai sun ƙara shekara ɗaya ko biyu kafin su yi fure. Darɓa kuma ruwan sabulu nake fesa mata da yamma.

Uwargida, Jos: Allah Ya saka muku da alheri. Na matsa su yanzu, takwas da tauri, biyu sun tafi. Malam, yashin rafin a wanke shi ko haka nan ake zubawa?

Mai lambu, Bukuru: Ki wanke sau ɗaya Hajiya, laka ta fita, ki shanya kwana biyu.