Kwabon kaka ya yi kore, a wanke ko a bari?

Sabon Shiga: Salam jama'a, wajen share ɗakin marigayiya kakarmu na tsinci gwangwanin alewa cike da kwabo mai huji, akwai na 1959 akwai na British West Africa na 1952, amma wasu sun yi kore-kore wasu baƙi ƙirin. Na jiƙa su a tsamiya ne ko lemun tsami ya fi?

Baba Mai Anini: Wa'alaikumus salam. Yaro ajiye tsamiyar nan ka yi kunu da ita. Ni na taɓa wanke guda 12 da lemun tsami da toka, suka fito jajir kamar sabon tulu ina ta murna, wanda na kai wa ya juya ɗaya kawai ya ce Baba ai ka kashe su. Wannan duhun da kake gani shi masu saye ke so.

Ɗan Kurmi: Gaskiya Baba. Ka samu gilashin masu gyaran agogo ka fara duba kambin da ke saman hujin da tauraron baya, ya suɗe ko zanen na nan, wannan shi ne darajarsa ta farko sai kuma ka rage masa saboda ramuka, karce ko lanƙwasa a baki. Turawa suna da sikelin auna ingancin sulalla daga 1 zuwa 70 wanda wani Ba'amurke mai suna Sheldon ya fito da shi a 1949 saboda tsofaffin sulallan tagulla na Amurka, amma kamfanonin tantance sulalla irin su NGC da PCGS in suka ga an wanke ko tsatsa ta ci ba sa ba shi lamba, sai dai su rubuta matsalar a jiki. Ka leƙa ko akwai ƙaramin H ko KN a na 1952 ɗin, alamar masana'antun Birmingham ce.

Hajiya Malama: Ƙanina koren ma iri biyu ne fa. Mai santsi da ya kama jiki ƙyale shi. Wanda ke tashi kamar gari in ka taɓa da tsinken sakace shi ne mugun, gishiri da danshi ke jawo shi kuma ci yake yi har ya bar rami, ka raba su da sauran yau ɗin nan tun damina ba ta kankama ba.

Sabon Shiga: Guda 4 na yin garin Hajiya. Sauran na zuba a leda?

Hajiya Malama: A'a, leda mai laushi ita ma tana sa kore mai danƙo. Kowanne da ambulan ɗinsa na takarda, ka jefa 'yan ƙullin nan na cikin kwalin takalmi masu shan danshi.

Baba Mai Anini: Masu garin ka jiƙa su a ruwan distil na kemis, wato tataccen ruwa marar gishiri, kana canjawa, ka busar sosai. Turo hoto gaba da baya da rana, ban da filashi.