Hajiya, ki ɗan riƙe mana minit

Maman Ilham:
Salamu alaikum jama'a, yau raina a ɓace na dawo daga ofis wallahi, shekarata bakwai ina rubuta manhaja a kamfanin nan rabin yaran ni na koya musu aiki amma duk mitin sai manaja ya waigo ya ce Hajiya ki ɗan riƙe mana minit, wato in rubuta abin da aka tattauna, sai ka ce ni ce sakatariya. To ga nawa, ƙafiyar "ta" ce, mai iyawa ya amsa.

Shekara bakwai ina dukan kwamfuta,
Babbar kwamfutar kamfani ta faɗi da dare, ni ke tada ta.
Yaron da na koya wa aiki da hannuna,
Yau shi ne oga, ni ko sai "ki rubuta".
Ranar hoto a jawo ni sahun gaba,
Ranar rabon kujera kuwa an manta.

Injiniya Ɗan Fagge:
Yaya ki yi haƙuri fa amma sai na taɓa ki kaɗan 😄

Kujerar oga ba gadon gida ba ce,
Ba a hawanta sai da cancanta.
Mun sa tallar aiki wata guda cur,
Mata biyu kacal suka nuna son ta.
Mitin ya kai ƙarfe tara na dare,
Ki ce maigida na jira, kin fita.

'Yar Zazzau:
Kai ƙanena, shi wa ya ajiye mitin ƙarfe tara na dare in ba wanda ya san zai koma gida ya tarar da tuwo a kwano an yi wa yara wanka ba? Cancanta ko, matso ka ji.

Funke Opeke ta ja wayar intanet ta ƙarƙashin teku,
Daga Fotugal har Legas ta sauke ta.
A 2010 kamfaninta MainOne ya soma aiki,
Wayar kilomita 7,000 ne tsawonta.
Mai sayensa, kamfanin Equinix, ya ƙirgo dala miliyan 320,
A 2022 kafin cinikin ya tabbata.
Ma'aikatar fasahar sadarwa, a 2011,
Omobola Johnson ce ta fara riƙe ta.

Injiniya Ɗan Fagge:
Anti lambobin nan sun karya miki kari, baitin ɗingishi yake 😂 kuma duk 'yan Kudu kika jero, ina namu?

Baba Sidi Sakkwato:
Ɗana bar karin ya yi ɗingishi tunda maganar na tafe da ƙafarta. Namu kake nema, ai tun ba a san lantarki ba muke da su.

Nana Asma'u 'yar Shehu, uwar malamai,
Ta tsara 'Yan Taru, ƙungiyar karatun mata, da basirarta.
Ta naɗa jaji, malamarsu, ta aza mata malfa,
Ƙauye-ƙauye mata suna ta karanta.
Ta rasu 1864, aikin bai tsaya ba,
In wannan ba shugabanci ba ne, ka fassara ta.

'Yar Zazzau:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kuma a Kanon taku Injiniya akwai cibiyar fasaha ta Blue Sapphire Hub, Maryam Lawan Gwadabe ce ta kafa, ka taɓa leƙawa kuwa ko dai daga Fagge sai ofis?

Maman Ilham:
Ni abin da ya fi ci min rai ma ban faɗa ba. Dokar ƙwadago sati 12 ta ba mai haihuwa, rabin albashi ne dole, gwamnatin Kaduna ce ta kai wa ma'aikatanta wata shida a 2019 mu na kamfani ko oho. Na dawo da goyo ranar Litinin na tarar an ɗauke min teburi an kai bakin ƙofa kusa da firinta, aikin da na yi wata takwas ina ginawa an miƙa wa wani wai don a sauƙaƙa min, ba wanda ya tambaye ni.

Sun ce tausayi ne ya sa aka rage min,
Tausayin da ya kwashe min gona da shukarta.
Ina tatsar nono a ɗakin ajiyar kaya,
Tsakanin kwalaye, ƙofa ba sakata.
Da aka zo ƙarin girma sai suka ce,
"Bana Hajiya ba mu ga ƙwazonta."

Injiniya Ɗan Fagge:
Subhanallah, wannan kam ban san da shi ba Yaya. Tallar aikin nan ma da na tuna a gurup ɗinmu na ƙwallo muka fi yaɗa ta.

Na janye ƙarfe tara, na mai da ita azahar,
Amma zancen cancanta ban sake ta.

Maman Ilham:
Riƙe ta da kyau ƙanena, da ita zan ci ku. Gobe mitin ƙarfe goma.

Biro na jaka, littafi na hannu,
Gaban sabon oga zan ajiye, ya rubuta.