A sayar da gona a kai yaro waje, ko ya sake zana JAMB?

Baban Sadiƙu, Gwaram: Salamu alaikum. Yarona sau biyu yana zana JAMB, injiniya yake so, gurbi ya ƙi samuwa. Wani dillali ya ce a kai shi Kwatano, shekara uku ya gama, amma sai na sayar da fadamata. Wai a wace ƙasa yara suka fi shiga jami'a su kuma fito da takarda?

Malam Habu, Ringim: Wa alaikumus salam Alhaji. Shiga daban, fita daban. A Amurka ƙofa a buɗe take, amma cikin goma kusan shida ne ke kammalawa cikin shekara shida. Mu nan ƙofar ce ƙarama, kusan mutum miliyan biyu ke zana JAMB a shekara. In an shiga kuma sai jinkiri: yajin aikin ASUU na 2020 wata tara, na 2022 wata takwas.

Sani Injiniya: Jamus ta fi. Yawancin jami'o'in gwamnati ba kuɗin makaranta, sai dai a ajiye sama da Yuro 11,000 a rufaffen asusu kafin biza.

Ɗan Gumel: Mutum na maganar fadama kana kawo masa Yuro. Buhun riɗi nawa ke nan?

Hajiya Malama, Dutse: Alhaji, kada ka taɓa gonar nan. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin, inda Kwatano take, da na Togo, kuma ba tantancewar Ma'aikatar Ilimi ba bautar ƙasa. Ku dubi 'yan Sudan ma. Yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, aka kwaso yara a motoci zuwa iyakar Masar, wasu suna ajin ƙarshe, takardun sakamakonsu na can Khartum. Iyaye sun sayar da shanu, yara sun dawo hannu rabbana. Ga dala da ta tashi daga naira 460 a 2023 ta haura 1,500 a 2024.

Ɗan Gumel: 460 a banki dai Hajiya. A kasuwar canji ta Wapa lokacin kusan 750 ake sayarwa, wa ya taɓa samun ta banki?

Sani Injiniya: Hajiya Sudan ta kawo mana, shi Kwatano ya tambaya.

Hajiya Malama: Kai da ka kai shi Jamus fa?

Malam Habu: A yi haƙuri. Ya sa Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa ko ta Tarayya Dutse a zaɓin farko, ya duba darussan da kowacce ke da su tun kafin cike fom. Bashin karatu na NELFUND ma na makarantun gwamnati na cikin gida ne.

Baffa Ado, Sumaila: Duk ku bar wannan. Yaron da bai taɓa riƙe kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, makarantarsu ba malamin fiziks, da me zai ci makin injiniya? Ga kuɗin mota zuwa cibiyar jarrabawa tun asuba.

Baban Sadiƙu: To dillalin dai ya ce in ba shi amsa ranar Juma'a.